Mikiyar Iya da Kafintan da Na Bari da Laifi

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar kakata Hansatu, wadda duk zuriyarmu ta Maska ke kira Iya. Kowace shekara idan aka fara cirar auduga, lokacin da ta rasu ke nan, nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in fara in ajiye. Bana maiɗakina ce ta sa ni dole ba tare da ta sani ba. Mun tare a sabon gida a Funtua, ta ce in raka ta kasuwa ta zaɓi madubin falo.

Mun daɗe a shagon. Akwai masu zagaye, akwai dogaye kamar ƙofa, har da masu fitila a gefe. Mai shagon ya ba mu shawarar cewa ƙaramin falo babban madubi yake so, a sa shi yana kallon taga don ɗaki ya ƙara haske, kuma a guji bangon da ke jiƙa da damina. Daga nan ya jawo wani mai ruwan zinare, da mikiya ta buɗe fiffike a samansa. Roba ce, amma an yi mata ƙuje-ƙuje tun daga masana'anta don ta yi kama da ta dā. Maiɗakina ta ce ai muna da irinsa a ƙasan akwati, me zai hana a fito da shi? Na ce mata a bari tukuna. Ba ta san dalili ba, domin ban taɓa gaya wa kowa ba.

Madubin da ke cikin akwatin na kakar Iya ne. Ba ni da takardar da zan kafa hujja da ita, abin da na ji daga bakin Iya kawai zan faɗa. Ta ce tun kafin zuwan Turawa ne, lokacin da Funtua ba ta wuce ƙauye ba, Maska ce gari. Mijin kakarta falke ne, yana kai rinannun tufafi kudu. A wata tafiya ya dawo da gilashin madubi tsirara, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, a naɗe cikin auduga a kayan jaki. Kakar tana da wa masassaƙi a wani ƙauye wajen Malumfashi, wanda ya zauna a kan addininsu na gargajiya har ya mutu. Turmi da kujerar mata ne sana'arsa. Shi ya samo icen ƙirya ya yi wa gilashin gida, ya sassaƙa mikiya a sama, faratanta na riƙe da bakin madubin.

Ba a rataye shi a bango. Mace takan riƙe shi da hannun hagu, babban yatsanta a kan ƙirjin mikiyar, tana sa kwalli da dama. Kakar Iya ta yi haka, mahaifiyar Iya ta yi, ita ma Iya ta yi, har wurin ya lotsa ya zama ɗan rami mai santsi. Lokacin da na yi wayo gilashin ya cika da baƙaƙen tabo, ita kuma Iya yanar ido ta rufe mata gani. Duk da haka kowace safiya sai ta ɗauko shi. Na sha ganinta, amma ban taɓa tambayar kaina abin da mai larurar ido take nema a madubi ba.

Da na gama jami'a na yi bautar ƙasa, na sami aikin koyarwa, sai na so in yi mata wani abu da za ta ji daɗi. Ni mutum ne da ko takalmi zan saya sai na tambayi mutum uku. Wannan karon ban tambayi kowa ba, don ina son in ba ta mamaki. Iya ta tafi bikin suna a Danja za ta yi mako guda, na shiga ɗakinta na ɗauke madubin, na hau babur zuwa Funtua wurin Malam Sule kafinta. Shi ya yi duk ƙofofin gidanmu, kuma ɗan ƙawar Iya ne. Na ce ya canja gilashi, ya cike ramin, ya goge, ya shafa fenti mai ruwan zinare.

Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce, "Malam Lawal, gilashi zan iya canjawa. Amma wannan ramin ba gara ba ce ta ci. Yatsa ne." Ya tambaye ni ko Iya ta sani. Na ce ta sani. Ina jin na faɗi haka ne don kada in koma da abu a hannu kamar wanda bai san abin da yake yi ba, amma wannan ba uzuri ba ne. Ya cike ramin da garin katako da gam, ya goge ƙirjin ya daidaita.

Ranar da ta dawo na kai mata a gaban Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, da sauran matan gida. Iya ta fara da tsokanar da ta saba, wai yau me maigidan ya kawo wa tsohuwar matarsa, ko dai toshin neman sulhu ne. Ta karɓa tana dariya. Na ga babban yatsanta ya tafi inda ya saba, ya tsaya, ya koma gefe, ya dawo. Dariyar ta ɗauke.

"Ina wurin Innata?" ta ce.

Gwaggo Rabi ta juyo ta tambaye ni wa ya yi wannan aika-aika. Na ce gilashi kawai na ce a canja, sauran duk Malam Sule ne ya ƙara da kansa. Iya ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ba Gwaggo madubin ta ce a naɗe shi a zane. Ban sake ganinsa a hannunta ba.

Washegari Gwaggo ta tafi har shagonsa ta zazzage shi a gaban masu kawo aiki. Daga nan gidanmu ya daina ba shi aiki. Gadajen auren ƙannena da ƙofofin sabon sashe duk wani aka ba, kuma ina zargin maganar ta bi dangi har ta rage masa wasu. Bai taɓa kare kansa ba. In muka haɗu a masallaci shi ke fara gaishe ni.

Iya ta ƙara shekara biyu a duniya. Na shirya maganar a raina sau da yawa, kullum sai in ga lokacin bai dace ba. Wata rana da hantsi tana ɓarar gyaɗa ina zaune kusa da ita, sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Sule ba ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba. Tun yana ƙarami haka yake." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta tana jira. Ni kuwa na ce da alama bana ruwa zai ɗauke da wuri. Ta ce da alama.

Bayan addu'ar bakwai Gwaggo ta miƙo mini ƙunshin zanen, ta ce Iya ta ce ni za a ba. Ni ne namiji na farko da ya gaje shi. Har yau ban sani ba ko yafiya ce, ko kuwa ta bar mini ne don kada in manta. Wataƙila duka biyun ne.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta shiga shagon nan tare da mu. Ina jin za ta shafa mikiyar robar ta yi dariya, ta ce ashe yanzu har tsufa ake sayarwa a kanti. Ba na jin za ta hana kowa sayen madubi mai kyau, don tana son ado. Abin da zan iya cewa kawai, da kaffa-kaffa, shi ne duk mai tsohon abu a gida ya tambayi mai shi kafin ya kai gyara. Wani lokaci abin da kake gani lahani, shi ne abin da ake ajiyar dominsa.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Iya, ba madubin zan nuna ba, don na ɓata shi. Halinta ne na ƙin tona mutum, da ba shi fili ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ni dai na yi jinkirin amfani da filin ƙwarai.

Juma'ar da ta wuce na je wurin Malam Sule. Ya daina aiki, yana zaune a bencin ƙofar shagon. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in ce ni na yi masa ƙarya. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ina wurin aka yi, Malam Lawal. Ni na yafe tuntuni. Rabi ce ba ta sani ba."

Ranar Asabar na tafi Maska na gaya wa Gwaggo. Ta girmi Malam Sule, gwiwa kuma tana damunta, na yi zaton za ta aiko ni da saƙo. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Sai ta jawo mayafinta da sandarta.

"Tashi ka kai ni," ta ce. "A gaban mutane na ci masa mutunci, a gaban mutane zan ba shi haƙuri."