Malamar da ta gane rubutun tela

Malama, ranar Asabar, sha huɗu ga watan Yuni, da hantsi, labarin rasuwarki ya same ni a shago. Ina tsakiyar yanka yadi, na manto tabarauna a gida, sai saƙo ya shigo waya. Na miƙa wa 'yata Auta na ce ta karanta mini. Ta karanta shi daga farko har ƙarshe: an ce kin cika da asuba a asibiti, bayan jinyar kwana shida. Sai da ta kai kalmar ƙarshe muryarta ta karye. Na ajiye almakashi na zauna. Wanda ya ba mu aronki ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa.

Ni tela ne, ba marubuci ba. Amma akwai abin da ya faru tsakanina da ke wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ke ma na tabbata ba ki faɗa ba. Yau zan faɗe shi da bakina.

Shekarar da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ke ce malamar aji uku, ajin su Auta. An ce yara su yi karatu daga gida ta waya, alhali rabin iyayen unguwarmu waya ɗaya ce a gidan, ita ma tana aljihun maigida. Ba ki tsaya jiran a gyara duniya ba. Kika ɗaura igiya irin ta shanya a jikin ƙofar makaranta, kika rataye leda hamsin da takwas, kowace da sunan yaro. Duk Litinin uba ko uwa su zo su ɗauki aikin mako, su jefa na makon jiya a kwali. Kwalin kuma sai ya kwana uku a rufe kafin ki taɓa shi, domin lokacin kowa tsoron takarda yake. Maigidanki ne mai ɗauko shi a bayan babur, yana tafe yana mita, kina ce masa ya yi a hankali kada ya zubar da ilimin mutane.

Mahaifiyar Auta ma'aikaciyar jinya ce. A watannin nan can asibiti aka ba su ɗaki, sai dai mu gaisa ta waya. Gida ya koma hannuna, har da karatun yarinya. A makon farko na shimfiɗa mata takarda a kan teburin yanka, na ce ta karanta layin farko. Ta dube shi, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ashe Auta, mai shekara tara, ba ta iya karatu ba. A aji tana bin bakin 'yan'uwanta ne, in sun faɗa ta faɗa, ga ta da kaifin hadda, sai ta shige a cikin taro. Da taron ya watse, abin ya fito fili. Ta fashe da kuka, ta ce ko an buɗe makaranta ita ba za ta koma ba.

Abin da na yi ba abin alfahari ba ne. Kunya ta hana ni gaya wa uwarta, wadda take can tana fama da marasa lafiya, ta kuma hana ni gaya miki. Na ɗauki fensir na yi aikin da kaina. Da hannun hagu nake rubutawa don ya yi kama da na yaro, har nakan kuskure tambaya ɗaya da gangan. A zatona babu wanda ya kai ni dabara.

Mako na uku, na buɗe leda na tarar da takarda biyu. Ɗaya aikin Auta ne. Ɗayar kin ninke ta, kin rubuta a bayanta da jan biro cewa ta babanta ce. A ciki kin ce: "Baban Auta, ka ci tara cikin goma, Allah ya ƙara basira. Yanzu a bar mai ajin ta gwada. Zan kira gobe ƙarfe bakwai."

Da ƙasa za ta tsage a bakin ƙofar makarantar nan, da na shige. Na kwana ina shirya ƙaryar da zan yi miki, amma da kika kira ba ki ba ni damar yin ta ba. Na tambaye ki yadda aka yi kika gane. Kika ce: "Na san hannun yarana duka. Kuma laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Wata shida tana gabana ban lura ba. Ba ni ita."

Wannan maganar ce ta sa na fara ganin girmanki. Kin samu hanyar da za ki ɗora mini laifi gaba ɗaya, sai kika ɗebi rabonki kika riƙe.

Daga ranar, kullum ƙarfe bakwai waya za ta yi ƙara, minti goma sha biyar, ba fashi sai Lahadi. Kika yanka mini nawa aikin: in riƙe waya, in nuna layi da yatsa, in kama bakina. Na ƙarshen ne ya fi ba ni wuya. Da na ga Auta ta tsaya sai in raɗa mata, ke kuma daga can sai ki ce: "Tela, ina jin ka." Daga baya kika ce in rubuta sunan duk abin da ke shago in manna a jikinsa. Keken ɗinki ya samu takardarsa, haka almakashi, zare, allura da dutsen guga. Shagon da dokar kulle ta hana shi ciniki ya koma aji mai ɗaliba ɗaya.

Ba a dare ɗaya abin ya zo ba. Akwai safiyar da Auta ta jefar da fensir ta shige ƙarƙashin tebur, ta ce ita daƙiƙiya ce a ƙyale ta. Ba ki lallashe ta ba, ba ki yi mata tsawa ba. Kika ce za ki jira. Kika zauna shiru a kan layi, katinki yana ƙonewa, har ta gaji ta fito. A wata na uku, ina gyaran keke, na ji ta a bayana tana jan harafi a hankali. Littafin awona ta ɗauka, tana karanta wuya, kafaɗa, hannu, tsawo. Babu wanda ya sa ta, babu kuma bakin da take bi. Na juya mata baya don kada ta ga idona.

Sai bayan shekara na ji cewa mu bakwai ne kike kira a jere kowace safiya, kuma babu gidan da ya san da ɗayan.

Ba zan ce ke mai sauƙin sha'ani ba ce, don iyalanki za su karanta su san na yi ƙarya. Da za a buɗe makaranta kika ba ni ɗinkin takunkumin rufe baki da hanci na yara. Na ɗinka sittin na kai, kika dawo mini da su duka, kika ce robar ta matse, za ta ci musu bayan kunne, yaro kuma in abu ya dame shi cirewa zai yi. Na yi fushi, na yi gunaguni, na kwance na sake. Kika ari tef ɗin awona kika auna tazarar kowane benci, kika zana da'ira da alli a bakin ƙofa inda kowane yaro zai tsaya. Ga bokiti mai famfo, ga sabulu, ga ki tsaye a kansu. Ina wurin ranar da wani babban jami'i mai duba makarantu ya zo zai wuce kai tsaye, kika ce: "Ranka ya daɗe, layin daga can ya fara." Ya koma ya wanke hannu yara suna kallo. Daga nan suka sa miki Malama Mai Sabulu, kina ji kina yi kamar ba ki ji ba. Uwar Auta, da ta san abin da cutar take yi wa mutane, ta ce da ta ga ƙofar nan ne hankalinta ya kwanta ta bar 'yarta ta shiga.

Ta shiga ɗin kuwa. Yarinyar da ta ce ba za ta koma ba ita ta riga kowa tsayawa a da'irar farko. Yau tana sakandare. Duk lokacin da muka haɗu a hanya ba kya cewa komai sai: "Tela, ya karatu?" Mu yi dariya mu wuce. Shekara biyar kina riƙe da asirina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya yi dakon kwalin nan wata da watanni, da 'ya'yanki da suka haƙura da safiyarsu aka ba namu, da 'yan'uwanki, da abokan aikinki, da duk yaron da ya taɓa samun leda a igiyar nan. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda take tsaya muku.

Malama, wannan karon aikin nawa ne, da hannun dama na rubuta shi. Auta ta duba, ta gyara mini wuri huɗu da jan biro. Saƙon rasuwarki da ta karanta mini, ba ta yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba. Na so a ce kin ji.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki. Yadda kika rufa mini asiri, Allah ya rufa miki naki ranar da babu mai rufawa sai Shi. Amin.