Illo da Gatanar Rana

Illo makanike ne a garaj ɗinmu da ke bayan tashar Agadas. Ni walda nake yi, shi yana gyaran inji, kuma mun daɗe muna cin abinci a kwano ɗaya. Ba mai magana ba ne. In ka kawo masa mota ba zai tsaya gaya maka ciwonta ba, sai dai ka dawo ka tarar tana tashi.

Kafin ya zauna a garaj direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana kai gero da sukari Dirku da Bilma. Ƙanensa Alkasum ma direba ne. Wata shekara Alkasum ya rabu da ayari don ya yanke hanya, ba a sake ganinsa ba. Illo yana cikin waɗanda suka fita nema. Sun sami motar, ƙofa a buɗe, bidon ruwa, wato jarkarsa, a bushe, har ruwan inji an shanye. Sawun ƙafa ya yi gabas, iska ta share sauran. Ba su sami gawa ba. Daga wannan tafiya Illo ya ajiye tuƙi. Bai yi rantsuwa ba, bai yi wa kowa bayani ba, amma bai ƙara wuce shingen jandarma na bakin gari ba, ko da zuwa biki ne a Ingal.

'Yarsa Hafiza a ɗakin kakarta ta tashi, wato Tabawa mahaifiyar Illo. Tsohuwar gwanar gatana ce, abin da wasu ke kira tatsuniya, kuma yarinyar ta kwashe komai, har da canza murya da tsayawa inda mai sauraro zai matso. Da aka shirya gasar gatana ta matasan ƙasa baki ɗaya, kowace jiha ta fitar da gwaninta a haɗu a Yamai, malamarsu Madam Ramata ce ta ɗauki nauyin ta Agadas. Ita ta bi lakol-lakol, makaranta bayan makaranta, tana neman yara, ita ta aro kujeru da lasifika. Ta sa gasar da hantsi don 'yan mata su koma gida da wuri. Hafiza ta cinye.

Da ta kai labari gida, Tabawa ba ta tambayi wace gatana ta yi ba. Lokaci ta tambaya. Da ta ji da hantsi ne sai ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta ce duk wanda ya yi gatana da rana ɓata yake yi, kowa ya san haka.

"To ai ga ni na dawo, tsohuwa," in ji Hafiza. "Ko lungu ban kuskure ba. Ke ce dai kike ɓata tsakanin ɗaki da madafa."

"Yi ta dariya, 'yar nema. Baffanki Alkasum haka bakinsa yake yana yaro, ba dare ba rana. Na hana, na gaji."

Illo yana tsakar gida yana alwala, ya ji.

Shi ba mai camfi ba ne. Ya ma tambayi limamin unguwa, liman ya ce maganar tsofaffi ce don yara su yi aiki da rana, babu komai a cikinta. Illo ya yarda. Amma a makon nan na ga ya bar noti bai ɗaure ba, abin da ban taɓa gani ba, na ga yana riƙe da sifana yana kallon bango.

Madam Ramata ta zo garaj neman izini. Ta yi bayani mai tsawo: ita da kanta za ta raka yarinyar, akwai masauki, akwai abinci, ɗaki ɗaya za su kwana. Illo ya bari ta gama, ya tambaya ko ta Yamai da wane lokaci za a yi. Ta ce da safe. Ya ce ba za a iya mayar da ita bayan magariba ba? Ta ce ita ta Agadas kaɗai take da iko a kai. Ya koma ƙarƙashin mota. Ta tafi tana zaton ya hana. Ranar tafiya sai ga shi a tasha da jakarsa da bidon ruwa, Hafiza a bayansa, ya yanki tikitinsa.

Abin da ya faru a hanya daga bakin Zaharaddin na ji shi, direban kar ɗin, wato bas ɗin da suka shiga, don a wurinmu yake gyara. Ya ce tun da suka wuce shinge Illo bai jingina da kujera ba. Bidon yana tsakanin ƙafafunsa, bai sha ba. Bayan mararrabar Ingal, kafin Abalak, tayar baya ta fashe, rana tana tsaka. Fasinja suka sauka. Illo makanike ne, ba zai iya tsayawa yana kallon ana fama da noti ba, sai ya ajiye bidonsa ya shiga aikin.

Da ya ɗago ya duba inda ya bar Hafiza, ba ta nan. Wani ya ce mata sun zaga bayan itatuwa. Ya jira. Matan suka dawo ɗaya bayan ɗaya, babu ita. Bai leƙa cikin kar ba, bai gaya wa kowa ba, bai ɗauki ruwa ba. Ya nufi inda matan suka fito yana kiran sunanta.

Wanda bai san wannan daji ba zai ce fili ne, ina za a ɓata. Ƙasar tana hawa tana sauka kaɗan-kaɗan, kowace aduwa kamar 'yar'uwarta, sawun shanu ya bi ko'ina ya tattake na mutum. Illo ya yi ta tafiya yana kira har muryarsa ta dishe. Da ya waiwaya babu kar, babu hanya. Inuwarsa tana ƙarƙashin ƙafarsa, ba ta nuna masa gabas ko yamma.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar wurin, ita ma gajeriya. Ya ce ƙofar motar Alkasum ce kawai ke tsaye a idonsa, kuma ƙafafunsa gudu suke so. Ya san gudun nan shi ke kashe mutane. Ya zauna a gindin aduwa ya riƙe gwiwoyinsa da hannu biyu. Yana zaune yana tunanin yarinyar tana can wani gefe ita ma tana kira, babu ruwa, ba ta san a zauna ake yi ba.

Ita kuwa Hafiza tana cikin kar. Ta dawo tare da Madam Ramata ta ɗaya gefen, kanta na ciwo, ta kwanta a kujerar baya. Sai da aka gama taya aka ce a shiga, aka ga bidon Illo a ƙasa babu mai shi. Zaharaddin ya fara danna kilakson, ko Illo zai ji ƙarar hon ɗin. Rana ta karkata, fasinja suka fara gunaguni, don hanyar ba wadda ake so yamma ta riski mutum a kai ba ce. Wani ɗan kasuwa ya ce a je Abalak a sanar da jandarma. Hafiza ta sauka ta tsaya a gaban kar ɗin, ta ce sai dai a bi ta kanta.

Illo ya ji ƙarar can nesa, daga wajen da zai iya rantsewa ba nan hanya take ba. Ya tashi ya bi. In ƙarar ta tsaya ya tsaya, in ta dawo ya ci gaba. Da ya ɓullo leɓɓansa sun tsage. Ya ga 'yarsa tsaye, ya dube ta daga kai zuwa ƙafa, ya karɓi ruwa.

Har garin Tawa Hafiza tana kuka a hankali. Ta ce ta fasa, gaskiyar Kaka ce, su koma gida. Da suka tsaya a tasha Illo ya tashi. Ya sauko da jakarsa, ya bar tata a sama.

"Baba, tawa fa?"

"Ke wucewa za ki yi. Ni zan koma." Ya juya wajen malamar. "Madam, ga ta nan. Ta fi tsira a hannunki."

Ya tsaya har kar ta fita, sannan ya nemi kamyon da zai zo Agadas.

Ranar gasar ya shiga ƙarƙashin wata mota tun da safe, motar da babu abin da ke damunta. Mun kunna rediyo. Da muryar Hafiza ta fito, rana tsaka a kan rufin kwano, na ga ƙafafunsa sun daina motsi har ta gama. Ta zo ta biyu. Ta dawo lafiya tare da Madam Ramata, ko ɗankwali bai ɓata ba.

Da yamma na je yi musu barka. Tabawa ta rungume jikarta, ta yi wa Allah godiya, ta ci biskitin tsaraba. Hafiza ta ce to yanzu ina ɓatan? Tsohuwar ta karkaɗe zanenta, ta ce ita dai abin da ta ji daga manya ke nan, kuma ba su taɓa faɗin ranar ba.

Madam Ramata ta nemi Hafiza ta riƙa koya wa ƙananan yara gatana ranar Asabar da hantsi, don gasar baɗi, kuma Illo bai hana ba. Hanyarta ta gaban garaj take bi. Duk Asabar in lokacin tashinsu ya yi sai ya ajiye aiki, ya fito bakin ƙofa da mai a hannunsa, ya zuba wa kwanar titi ido. Ba ma yi masa magana sai ta ɓullo.