Kwalbatin da Babu a Takardarsu

Shekarar da aka kawo ni ƙauyen mijina, can bayan Gafasa a ƙasar Ajingi, ni kaɗai ce mace a cikin malaman firamaren garin. Azuzuwa uku gare mu. Ɗaya iska ta yaye rufinsa tun kafin a haifi yaran da nake koyarwa, don haka ni da 'yan aji biyu a gindin darbejiya muke karatu, in hadari ya taso mu tashi.

Wata rana da hantsi, bayan an gama kai amfanin gona gida, sai ga motoci biyu farare ƙal sun shigo gari. Mai unguwa ya aika gida-gida cewa wata ƙungiyar agaji ce ta zaɓe mu, za ta kawo mana lafiya da ilimi da ruwa. Haka ya faɗa, kamar a buhu za a sauke su.

Jagoransu wani saurayi ne Bakano, mai riga mai aljifai barkatai, da katin shaida rataye a wuya wanda ko alwala zai yi ba ya cirewa. Hausa da nonon uwa ya sha ta, amma da ya tako ƙauyenmu sai ta soma yi masa nauyi a baki. Kowace magana sai ya barbaɗa mata Turanci, sannan ya waiwayo ya dube mu da tausayi. Yaransa Oga suke ce masa, mu ma muka bi. Da ya ji ina da takardar koyarwa, sai ya ce in zauna a taron mata in taya shi bayani.

A tsakar gidan mai unguwa aka yi taron. Oga ya shimfiɗa kwalaye huɗu a ƙasa, kowanne da hoto: famfo, bayan gida, ɗakin shan magani, da aji mai sabon fenti. Aka ba kowace mace ƙwayar gyaɗa goma, aka ce ta zuba a kan hoton abin da ta fi buƙata.

"Mu ba ma yi wa kowa dole," in ji shi. "Ku ne za ku zaɓa da kanku."

Surukata, wadda duk garin ke kira Inna, ita ce ungozomar ƙauyen. Rabin waɗanda ke zaune a wurin ita ta yanke musu cibiya. Ta ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta kawo kusa da ido, ta ajiye.

"Ɗan nan, ina hoton kwalbati?"

Tsakanin garinmu da titin Ajingi akwai wani kwari. Da rani yashi ne, ko akuya ba ta san ta ƙetare shi ba. Da damina kuwa rafi yake zama, wani lokaci ya kwana biyu ruwansa na kai wa namiji ƙirji. Ba mota, ba babur, ba amalanke. Inna ta zayyana masa wannan, ta ce duk haihuwar da ta fi ƙarfinta a bakin ruwan nan ake tsayawa da ita, kuma mata biyu ta rufe wa ido a wurin.

Oga ya yi murmushin da ake yi wa yaro in ya ce a sayo masa jirgi. Ya ce, "Mama, wannan ba ya cikin tsarinmu. Ki zaɓa daga abin da ke gabanki."

Inna ta sunkuya. Ta sa yatsa ta zana layi biyu a ƙasa, ta yi da'ira a tsakaninsu, ta juye gyaɗarta goma a kai. Matar da ke bayanta ta taso ta juye tata. Haka suka yi ta yi, har aka tara tulin gyaɗa a kan zanen, kwalayen Oga kuwa ko ƙwaya ɗaya babu.

Ya jira mata suka watse. Ina tsaye ina naɗe tabarmi ya durƙusa, ya kwashe gyaɗar da hannunsa, ya rarraba ta a kan kwalayen, ya fi tara wa ɗakin shan magani, ya goge zanen Inna da takalminsa, ya ɗauki hoto. Ragowar gyaɗar direbansu ya cinye a hanya. Na gani, na ci gaba da naɗe tabarmata. Amarya ce ni a garin, ina ganin ba hurumina ba ne.

Aikin bai ɗauki wata uku ba. Suka gina ɗaki ɗaya a bakin gari, suka kafa masa allon sanarwa wanda ya fi ƙofarsa faɗi. Aka shigar da firjin ajiye allurar rigakafi a garin da ko turken lantarki bai taɓa gani ba. Da aka tambayi me zai kunna shi, Oga ya ce sola tana zuwa a zango na biyu. Wa zai zauna a ɗakin ya duba marasa lafiya? Shi ma zango na biyu.

Wurin haƙa rijiyar burtsatse, tsofaffin da suka yi rayuwarsu suna haƙa rijiyoyi a garin suka ce a koma yamma, wajen fadama, nan gabas dutse ne. Oga ya ce a'a, a yi ta kusa da allon, don in an ɗauki hoto su fito tare. Makaranta kuma suka shafe mata bangon da ke kallon hanya da shuɗin fenti, har da na ajin da babu rufi. Suka zana yara biyu suna dariya a jikinsa. Mu dai muna gindin darbejiya muna kallo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne horon da aka yi wa Inna. Aka turo wata 'yar budurwa mai dogayen farata, ta zaunar da ita kwana uku tana koya mata yadda ake wanke hannu. Ni ke karanta mata takardun. A rana ta uku Inna ta dubi yarinyar ta ce, "'Yar nan, kin taɓa ganin an haihu?"

Ta ce ta gani a kwamfuta.

"To, Allah ya ba da lada," in ji Inna. Aka ba ta farar riga da jaka, aka ɗauke ta hoto.

Ana gobe bikin buɗewa, famfon ya ƙi kawo komai sai iska. Aka kira motar ruwa daga Gaya ta cika tankin da ke sama. Ni kuma na bi gidaje na roƙi iyaye su yi wa yara wanka, su wanke musu kayan makaranta. Da safe suka zo fes, wasu har da kwalli. Oga ya dube su ya ɓata rai. Ya ja ni gefe ya ce in zaɓo guda goma, su cire takalma, su tuɓe rigunan makaranta, a ɗauke su a bayan aji inda ba fenti, domin ana buƙatar hoton yadda suka same mu. Bayan nan sai su mayar da kayan a ɗauki na yadda suka bar mu.

Na ce masa waɗannan 'ya'yan mutane ne, ba zan tuɓe su ba. Ya ɗaga kafaɗa ya je ya samu shugaban makaranta. Shi ya tuɓe su.

Babbar baƙuwar wata Baturiya ce mai fara'a, ta yafa gyale ya ƙi zama a kanta. Ta murɗa famfo, ruwan Gaya ya zubo, aka yi tafi. Sannan aka kira Inna, cikin farar rigarta, ta yi jawabi a madadin mata.

Inna ta ce, "Mun gode da kuka tako garinmu. Amma abin da muka roƙa ba shi kuka yi ba. Kwalbati muka ce. Ɗakin nan babu kowa a cikinsa, ruwan nan kuma jiya mota ta kawo shi."

Oga bai ko ƙifta ido ba, ya juya wajen Baturiya ya ce mata da Turanci wai tsohuwa ta ce yau ce ranar da ta fi kowace farin ciki a rayuwarta, matan garin ba za su sake shan wahala ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina da ciki wata huɗu, na faɗa wa Baturiyar abin da Inna ta ce kalma bayan kalma. Ta saurare ni da idanu a buɗe, ta rubuta a ɗan littafinta, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu ta ce maganata tana da muhimmanci ƙwarai. Ta yaba Turancina. Ta ce mu tsaya a ɗauke mu hoto. Sai suka hau mota, Oga ya kulle ɗakin shan maganin ya jefa makullin a ɗaya daga cikin aljifansa, suka tafi.

Bayan wata biyu ƙanena da ke karatu a Kano ya turo mini hoto a waya. Ni ce a bangon rahoton ƙungiyar, hannuna cikin na Baturiya. A ƙasa an rubuta cewa malamar ƙauye tana godiya saboda an sauya rayuwar ɗalibanta. A lokacin famfon ya yi sati shida da ƙafewa.

Naƙuda ta kama ni a tsakiyar damina, da sassafe, bayan an kwana ana ruwa. Har azahar Inna na kaina. Can na ga ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta kira ɗanta, mijina, da sunansa, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba saboda kunya.

"Yaron a gicciye yake. Wannan ba tawa ba ce. Ku nemo maza."

Aka ɗora ni a amalanke. Muka wuce ta gaban ɗakin shan maganin da ƙaton kwaɗonsa, muka isa bakin rafi, shanu suka ja suka tsaya. Aka koma gida aka ɓalle ƙyauren ɗakinmu aka kwantar da ni a kai. Maza shida suka ɗaga ni bisa kawunansu suka shiga ruwa. Abin da nake tunawa shi ne sararin sama yana lilo, da muryar mijina yana cewa a taka a hankali, da Inna a baya, ruwa har wuyanta, wani ya riƙe mata hannu, ta ƙi yarda a bar ta a gaɓa. A tsallake aka samu mai babur ya je Ajingi ya kirawo mota. A asibiti a Gaya aka yi mini aiki, aka ciro 'yata da rai. Likitan ya ce da mun ƙara awa guda da labarin ya sha bamban.

Da kaka ta yi, mijina ya tashi a masallaci bayan sallar la'asar ya ce shi kam ya gaji da jiran zango na biyu. Kowane gida ya kawo abin da ya samu, wani gyaɗa, wani gero, Fulanin da ke rugar bayan gari suka ba da ɗan maraƙi. Aka sayar ranar kasuwar Ajingi aka sayo siminti da rodi. Aka ɗauko wani dattijon magini daga Kademi wanda sana'arsa zuba zoben rijiya. Ya auna kwarin da igiya, ya zuba zobba manya, aka jera su layi biyu a kwance, aka yi gayya aka rufe da dutse da marmara. Mata muka yi ta ɗebo ruwa da dafa abinci. Sati biyar aka yi. Ba shi da kyan gani, a karkace ma yake kaɗan, amma damina ta zo ta wuce yana nan, motar ɗaukar kaya tana hawa.

Labari ya kai Kano. Sai ga Oga ya dawo, ya yi ƙiba, da mai fenti a bayan mota. Ya zaga kwalbatin yana gyaɗa kai, ya ce wannan shi ne ainihin abin da suke koya wa al'umma, dogaro da kai, kuma wayar da kan da suka yi mana ne ya haifar da shi. Don haka yana son a rubuta sunan ƙungiyar a jikinsa. Ya raɗa wa mai unguwa cewa in masu ba da tallafi suka ga hoton, zango na biyu zai zo da wuri.

Mijina da wasu matasa suka ce ba su yarda ba, aka yi cacar baki a ƙofar gidan mai unguwa har ya ce kowa ya tafi, zai yi shawara. Ashe ya gama shawararsa. Ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci a garin da ke kusa, mai fentin ya zo ya yi aikinsa. Ni da Inna muna dawowa daga barka muka tarar da shi tsugune, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, yana ƙarasa tambarin. Oga na cikin mota, gilashi a rufe, yana danna waya.

Inna ta tsaya a kan mai fentin ta ce, "Ɗan nan, me ka rubuta?"

Ya ce, "Wallahi Inna ban sani ba, a takarda aka ba ni. Ni aikina kwafa."

Ta ce in karanta mata. Na karanta, na fassara: wannan aiki kyauta ce daga ƙungiya kaza ga al'ummar wannan gari. Ta dubi motar. Sannan ta taka har jikin gilashin, ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ya sauke shi kaɗan, yana shirin murmushi.

"Uwarka tana raye?"

Ya ce tana raye.

"To ka gaishe ta. Ka ce wata tsohuwa tana yi mata jaje."

Ya ɗaga gilashinsa. Inna ta karɓi 'yata daga hannuna ta saɓa a kafaɗa, ta ce mu wuce, tuwo ba ya tuƙa kansa. Tun daga ranar ba mu sake ganin motarsu a garin ba.