Mai Riƙe Ƙafafu

Mijina tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, amma bai koma coci ba. Lokacin da nake ba da labari muna haya a Makera, shi yana gadi a wata masaƙa a Kakuri, ni ina tuyar ƙosai a bakin titi. Duk unguwa Kofur ake ce masa. Ba ya sha, ba ya duka, albashinsa a hannuna yake ƙarewa. Amma ranar Lahadi sai ya fito da kujera ƙofar ɗaki ya rungume rediyo, ni in tasa yara gaba kamar wadda mijinta ya mutu.

Abin yana cina. Zan so in ce ransa nake tausayi, kuma akwai wannan. Sai dai akwai zaɓen shugabar matan zumunta ta cocinmu da ke tafe, an kuma riga an fara raɗa cewa macen da ta kasa kawo mijinta gaban Allah ina za ta kai matan wasu.

Ana nan sai fasto ya yi sanarwa za a kawo majigi ranar Jumma'ar Ista, a nuna wahalar Ubangiji. Waɗanda suka gani a Kamazou suka ce ko dutse ya kalla sai ya yi hawaye. Na ce to, ga maganin dutsena. Na bi Kofur da baki safe da yamma, na yi lallashi, na yi gori, har tuwo na hana shi. Ran Alhamis yana wanke fuska ya ce, "Maman yara, da wane lokaci ne abin naku?" Washegari ya yi aski, ya sa kaftaninsa na zuwa biki.

Da rana tsaka aka yi, don masu majigin za su wuce Gonin Gora. Muka toshe tagogi da barguna da zannuwa, aka rataya farin zanen gado a gaban bagade, janareto na ta ƙugi a waje. Zafi kamar cikin tanda. Kofur ya zauna can baya a gefen maza, kusa da ƙofa. Ni ina layin gaba, inda za a gan ni.

Turanci ake yi a fim ɗin, wani malamin firamare yana fassarawa da lasifika. Da aka zo wurin dukan ba wanda ya ƙara bukatarsa. Bulalar da ƙarafa a bakinta, in ta sauka sai ta taso da fata. Jini ya fantsama a fuskar wani soja, ya share da bayan hannu yana dariya. Suka danna wa Ubangiji ƙaya a kai da sanda. Na sha jin wannan labari tun ina yarinya a ƙauye, amma ban taɓa sanin ƙusa tana da ƙara ba sai ranar. Wata tsohuwa kusa da ni ta yi amai a gyalenta. Mata suna ta kururuwa da yarukansu, kowa ta manta Hausa.

Ni kuka ba ya zo mini sai da faɗa. Na miƙe, na cire silifa na jefi zanen, ya sami sojan a ƙirji.

"Allah ya isa," na ce. "Soja ba mutum ba ne. Kare ya fi ku. Hannun da ya taɓa wannan jinin ko da ruwan Kogin Kaduna aka wanke shi wuta zai ci."

"Faɗa musu, Mama," in ji wata a bayana. Wasu har da tafi. Na ji daɗin tafin, sai na ƙara, na zagi uwayen da suka haife su. Malamin yana ta magana a lasifika, ba mai jin sa. Can sai haske ya faɗo a kan zanen, wani ya ce a rufe ƙofa mana. Ban waiga ba.

Da aka tashi mutane da yawa suka fita gaba suna tuba. Na duba, ba Kofur.

Na same shi a gida ya cire kaftanin ya ninke, yana goge takalmin aiki. Na shiga da wutata.

"Baban yara, wane irin wulaƙanci ne wannan? Ana kashe Mai Cetonka kai ka taho goge takalmi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kin lura da wanda ya riƙe ƙafafun?"

"Wanne?"

"Da za a buga ƙusa. Akwai mai guduma, akwai mai riƙewa. Shi mai riƙewar bai yi dariya ba. Waɗanda suka yi fim ɗin nan sun san abin. Mai duka hannunsa kawai yake ji. Mai riƙewa kuwa, duk rawar da jikin mutum yake yi a cikin tafinsa take ƙarewa." Ya tofa wa takalmin yawu ya ci gaba da gogewa. "A yaƙi ni riƙewa nake yi. Sun ce ina da ƙarfi."

Shekarun da muka yi tare bai taɓa ba ni labarin yaƙi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Sai cewa na yi, "Ai ba da kai nake ba."

"Da ni kike," ya ce. "Kuma ba ki yi ƙarya ba."

Da ya zage ni da na san yadda zan yi da shi. Yarda ya yi da ni, ita ce ban iya kwancewa ba.

Na ci zaɓen. An ce ranar majigi aka ga irin kishin da nake yi wa Ubangiji.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi karatu. Ina bin labarin gicciyen da yatsa, harafi harafi, na iske wurin da Ubangiji ya roƙa wa sojojin nan gafara tun suna kan aikin. Na sha ji a wa'azi, bai taɓa zama mini maganar sojoji ba. Na ɗauki littafin da gudu na same shi a kujerarsa, na karanta masa ina tuntuɓe.

Ya rage muryar rediyo ya ce in sake. Na sake.

Sannan ya ce, "Shi aka yi wa, yana da iko ya yafe. Yaron da na riƙe bai ce ya yafe ba. Uwarsa yake kira."

Na ce ko ya zo mu je wurin fasto. Ya ce in bar fasto ya huta, ya tambaye ni ko da sauran kunu. Na kawo masa. Ran Lahadi na ɗaura zanen zumunta na tafi ni kaɗai, ban ce masa ya taso ba, ban kuma sake cewa ba.