Taku Goma Zuwa Gindin Ɗorawa

Duk ƙauyukan da ke kewayen Bagwai, da wuya ka shiga ɗakin da babu aikin Malam Zubair mai hoto a rataye jikin bango. Shekara talatin da ɗoriya yana yawo a kan keke da jakarsa ta fata, daga gidan suna zuwa saukar karatu. Manomi ne kamar kowa, sai dai shi ko a bakin kunya ya tsaya, idonsa auna nisa yake yi. Kyamararsa tsohuwa ce mai cin fim, amma ba ita yake ji da ita ba. Gilashinta na gaba shi ne ɗan lelensa, wani dunƙulen baƙin ƙarfe mai nauyi da ake murɗawa jikin kyamara kamar murfin kwalba. A jikinsa akwai lambobin nisa, kuma Zubair ya haddace su da ƙafarsa. Sai ya taka daga gaban mutum ya ƙirga, taku biyar, taku goma, ya juya gilashin zuwa lambar da ta dace, ya danna. Ko da idonsa ya fara hazo, wannan dabara ta rufa masa asiri.

Abin dariyar shi ne, matarsa Hure ba ta da hoto ko ɗaya. Wanzami ba ya son jarfa, ashe matar mai hoto ma haka take. Duk sanda ya ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta ce, "Ni da kake gani safe da yamma, me za ka yi da ni a takarda?" Ya yi lallashi, ya yi fushin ƙarya, har ya gaji ya ƙyale ta.

Zamani ya juya. Fim ya yi wuyar samu, wayoyi suka cika hannun jama'a, aka daina aiko kiransa. Ya je Kano wurin Kamaruddeen, mai shagon da yake wanke masa hotuna, ya samo kyamarar zamani ta hannu, gangar jiki kawai babu gilashi. A nan ya tarar da cikas. Bakin sabuwar ba na murɗawa ba ne, wasu kunnuwa uku gare shi, a zura gilashi a juya kaɗan ya kama. Tsohon gilashinsa ya ƙi zama. Kamaruddeen ya ce akwai zoben da ke haɗa su, ciki murɗi, waje kunnuwa, amma sai an aiko da shi daga nesa, wata biyu ko fiye. Zubair ya ajiye maganar, tunda babu mai jiransa.

A daminar nan Hure ta kwanta. Ciwon ciki ne da ya ƙi jin magani, ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Wata safiya gero ya fara nuna, ta kira shi ta ce, "Malam, ka ɗauke ni hoton nan. Jikokina na Kano ba su san fuskata sosai ba. A gindin ɗorawar gonata nake so, gonar ta fito duka. Kuma ba da waya ba. Da gilashin nan naka da ya raba ni da kai ranakun sallah." Ta yi dariya, shi kuwa bai taya ta ba, don ya gane bankwana take yi.

Jiran zobe wata biyu ba nasa ba ne. Ya karɓi awon zoben wurin Kamaruddeen a rubuce a takarda, ya nufi Dawanau wurin Tasi'u, mai injin feƙe ƙarfe da ke yi wa injinan niƙa da na casa kayan da suka lalace. Tasi'u gwani ne, kuma mutumin kirki. A kasuwar hatsi ya tashi, inda ba a miƙa wa mutum mudu a shafe sai an ɗora masa gyara a kai. Ya dubi takarda, ya ga kaurin da aka rubuta bai fi na bakin faranti ba. A ransa ya ce dattijo irin wannan ba za a ba shi abu sakayau ya lanƙwashe a hanya ba. Ya feƙe zobe na tagulla, murɗi ya hau lafiya, kunnuwa suka kama tsam, sannan ya bar masa ɗan kauri, bai kai ƙwayar dawa ba. Bai faɗa ba, don mai alheri ba ya shela.

Zubair ya gwada nan take a fuskar Tasi'u, taku biyu tsakaninsu. Ya juya gilashi har fuskar ta fito ras a ɗan allon bayan kyamara. Ya yi godiya ya kama hanya.

Washegari da la'asar aka riƙo Hure zuwa gona. Ta sa zanenta shuɗi na adire, ta ɗaura kallabi, ta ce kowa ya matsa. Ta dafa ɗorawa ta tsaya da ƙafarta. Zubair ya taka goma da baya, ya tsaya a tsakiyar gero, ya juya gilashi zuwa lambar da ya sani tun yana saurayi. Ya danna sau uku. Ya leƙa allo, ya ga shuɗi a gindin itace, idonsa bai ba shi fiye da haka ba.

"Na fito?" in ji ta.

"Kin fito, Hure."

"To mu koma, ƙafata ta gaji."

Kwana tara bayan haka ta rasu. Sai da aka yi sadakar bakwai sannan ya iya ɗaukar jaka ya tafi Kano. Kamaruddeen ya buɗe hotunan a babban allo. Zubair ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Wani kan gero ne a gaba, taku biyu daga inda ya tsaya, ya fito tsaf har ana ƙirga ƙwayoyinsa. Bayansa kuwa komai ya narke. Ɗorawa ta zama inuwa, Hure ta zama shafen shuɗi marar fuska. Duka ukun haka suke.

Kamaruddeen ya kwance zoben ya auna. Ya ce, "Baba, an ƙara masa kauri. Tsakanin gilashi da cikin kyamara akwai tazarar da ba ta son ƙari ko na gashi. In gilashi ya matsa gaba, na kusa kawai zai gani, na nesa ya ɓace masa. Lambobin nan naka duk sun tashi daga aiki."

"Babu dabarar da za a fito da fuskar?"

"Abin da bai shiga ba, ba ya fitowa, Baba."

Zubair ya biya ta Dawanau. Bai je da faɗa ba, so yake kawai ya ji. Tasi'u ya karɓi zoben da fara'a ya ce, "Ai gyara na ɗora maka, Malam, don ya yi ƙarko." Da ya ji abin da ya faru, sai ya zauna a kan buhu ya riƙe kai. Zubair ya rasa wanda zai yi wa fushi, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Tasi'u ya mayar da zoben kan inji, ya shafe ƙarin cikin ɗan lokacin da bai isa a sha kofin ruwa ba.

Da Zubair ya koma ƙauye an riga an girbe geron. Ya je gindin ɗorawa, ya taka goma da baya, ya juya gilashi zuwa lambarsa, ya danna. Wannan karon hoto ya fito yadda ake so. Ana ganin kowane ganye, ana ganin tsagar ɓawon itacen, har wurin da ta dafa.

Hotuna biyu ne yanzu a bangon ɗakinsa, gefe da gefe. Tun ranar bai sake ɗaukar kowa ba. In jikokin suka zo daga Kano suka tambayi wanne ne na kakarsu, sai ya ɗora yatsa a kan shuɗin nan ya ce, "Ga ta nan. Ta tsaya mini, ni ne ban gan ta ba."