Faifan Turawa a Rumbun Baba

A shekarun da kuɗin mai suka sa kowane ɗan albashi ya ɗauka shi ma wani ne, ina koyarwa a Ƙanƙara, na sayi garmaho mai batir da faifai guda na wasu samarin Ingila huɗu, waɗanda ko a unguwarsu ba na jin an san su. Waƙoƙin duk koke-koken soyayya ne da jita mai sanyi. A jikin kwalin ga su tsaye cikin ciyawa, gashi har kafaɗa, ba mai murmushi.

Da hutu ya zo na bar garmahon a makaranta, amma na kasa rabuwa da faifan, na tafi da shi gida 'Yargoje. Baba kuwa ya taɓa rantsuwa cewa duk ɗan da ya shigo masa da kayan kiɗa gida, ya yafe shi. Sai bokona ya ba ni dabara: na cusa shi tsakanin damman gero a rumbu, tunda ba mai leƙa rumbu sai maigida, shi ma sai bazara ta yi nisa.

Kwana huɗu da zuwana aka haihu a maƙwabta. Da hantsi Baba ya hau tsani zai ciro damin gudummawa. Ya sauko da kwalin a bakin sanda yana salati, faifan ya zamo ƙasa.

"An yi mani sammu cikin abinci," in ji shi. "Ga baƙin abu da huda a tsakiya, ga aljannu huɗu. Na san mai aikin ga. A kira mani ƙanena."

Shekara biyu ke nan suna rigimar iyakar gona da Baffa. In na yi shiru, a kai Baffa gaban mai gari da sunan mai sammu. In na yi magana, na rasa uba.

Baffa ya iso, ya dubi kwalin, ya ja da baya.

"Yaya, ni da ko Funtuwa ban wuce ba, ina zan samo aljannu masu wando?"

"Ka faɗa gaban mai gari."

Na durƙusa. "Baba, nawa ne. Waƙar Turawa ce."

Baba ya dube ni. Ya buɗe baki ke nan Baffa ya riga shi.

"Tsaya, Yaya. Gida ka rantse a kai. Rumbun ga bayan danga yake."

Baba ya dubi dangar, ya daɗe. Sannan ya ciro daminsa, ya saɓa, ya wuce.

Sati uku ina gaishe shi yana amsawa da kai, kullum ina jiran hukunci. Ranar da zan koma aiki na durƙusa a zaure. Bai ɗago daga carbinsa ba.

"Allah shi kiyaye hanya," ya ce. "Ka biya ka ba Baffanka haƙuri, a madadina."