Ranar da Aka Jira Amsa Daga Mozammel

Shekara ashirin da biyu Mozammel Talukdar ya yi yana aikin jarida a Dhaka, yana tsare manya da tambayoyi har su rasa bakin magana. Kwatsam sai gwamnati ta naɗa shi kakakin wani ofishin jakadanci a ƙasar waje.

"Lada ce wannan ko toshiyar baki?" ya tambayi matarsa Shefali.

"Baban Tuli, ni zan sani? Ci kifinka kafin shinkafar ta huce."

A taronsa na farko da manema labarai wata 'yar jarida ta tambaye shi inda agajin ambaliya ya maƙale. Tambayar da shi kansa ya buga a jarida bara ke nan. Har ya laluɓo biro zai rubuta amsar da za a bayar, sannan ya tuna shi ake jira. Ya karanto abin da aka rubuta masa, jakada kuwa ya yaba.

Bayan shekara uku ya koma gida. Tsofaffin abokan aikinsa suka tarbe shi da shayi, amma yana zama sai hira ta koma ta wasan kurket. Har ya yi ritaya bai gane ba, girmama shi suke ko gudunsa.